Saja: Igiya Uku a Bariki, Igiya Uku a Caji Ofis

Wata ɗaliba ce ta aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Kakana tsohon soja ne, har ya koma ga Allah Saja ake ce masa a unguwarmu. Yanzu kuma yayana, wanda ɗan sanda ne, an ɗaura masa igiya ta uku, shi ma ya zama Saja. Mene ne ainihin ma'anar sunan? Sajan soja da sajan 'yan sanda ɗaya suke? In sun haɗu wa zai sara wa wani? Samanja kuma fa, shi ma Saja ne?"

'Yata, Allah ya jiƙan kakanki, ya kuma sa wa igiyar yayanki albarka. Ni ma na ɗaura igiya ukun nan shekaru masu dama kafin in wuce ta, ƙanina kuma uwa ɗaya uba ɗaya da kakin 'yan sanda ya yi ritaya. Gardamar nan da kika kawo mun sha yin ta a zauren gidanmu, wani lokaci har shayi ya huce.

Bari in fara da mai sauƙin. In sun haɗu babu mai sara wa wani, domin ba a sara wa Saja. Ko farabitin da ya fito daga horo jiya ba ya ɗaga masa hannu. Iyakarsa ya ƙame, ya haɗa dugadugai, ya amsa da ƙarfi. Sarawa ta hafsoshi ce. In kin riƙe wannan kin kama bakin zaren, don mutumin da kurata suka fi jin tsoro a bariki shi ne wanda ba a sara masa, kuma ma'anar muƙamin duk a nan take.

Kalmar aro ce, aron ma ya bi hannu uku. Mu muka karɓa daga bakin Turawan Ingila, su suka ɗauko daga Faransanci, Faransanci kuma ya gada daga Latin, inda kalmar serviens ke nufin mai hidima. Wato bara. A Turai ta da, zamanin yaƙi da doki da sulke, saja shi ne baran da ke bin ubangidansa fagen fama. Ba ɗan sarauta ba ne, amma da makami a hannunsa, kuma an amince masa. Kada ki ɗauki wannan ƙasƙanci. Dubi fadar Kano: Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayin sarki ne, amma a da hakimi da rawaninsa sai ya lallaɓa ta hannunsu kafin maganarsa ta kai kunnen sarki. Irin wannan matsayin ne na Saja. Ragowar tsohuwar ma'anar tana nan a majalisa. Jami'in da ke shigowa gaban shugaban majalisa da sanda a kafaɗa, a Turance saja ne sunan muƙaminsa, ko da bai taɓa taka fareti ba. Sandar nan ce wasu suka kutsa zauren Majalisar Dattawa suka sure ranar 18 ga Afrilu 2018, washegari aka tsince ta a ƙarƙashin wata gada a Abuja.

Aikin soja tsani biyu ne, kuma a nan farar hula suka fi rikicewa. Na farko na waɗanda suka shiga ta Defo ne, makarantar horar da kurata ta Zariya da aka kafa tun 1924. Mutum ya shiga kurtu, ya fito farabiti, hannun rigarsa fayau ba komai. Igiya ɗaya las kofur, biyu kofur, uku saja. In aka ɗora mikiya bisa igiya ukun ya zama staf saja. Daga nan sai a ajiye igiya a shiga sahun warant ofisa, wanda ke da hawa uku a sojan ƙasa na Najeriya. Tsani na biyu na hafsoshi ne, irin waɗanda ke fitowa daga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna. Su ba sa ɗaura igiya, anini suke sawa a kafaɗa. 'Yan yanzu ba su san anini ba: ƙaramin kuɗi ne na zamanin Turawa, goma ke yin kwabo, da huda a tsakiya da hoton tauraro a jikinsa. Da iyayenmu suka ga ɗan tauraron da ke kafaɗar Bature sai suka ce ai anini ne, sunan ya bi shi har yau. Anini ɗaya ƙaramin laftana, biyu cikakken laftana, uku kyaftin, sai mikiya ta manjo.

To, anini ɗaya tak ya fi igiya uku. Ya ma fi mafi girman warant ofisa, ko da furfura ta cika masa kai. Dalili shi ne hafsa na riƙe da takardar naɗi da sunan shugaban ƙasa, kuma ita ake sara wa, ba shekarun mai ita ba. Saja kuwa rundunarsa ce ta ɗaura masa igiya bayan ya ci kwas ya nuna hali, rundunar kuma na iya kwancewa. Mukan yi raha a mes ɗin sajoji, wato zauren da muke cin abinci da hutawa, cewa igiyarmu tamkar igiyar aure ce: uku ce, kuma ba lallai a tsinke ta lokaci guda ba. Na ga wanda ya kwana saja ya wuni kofur, saboda ya tura mai gadi bakin ƙofa bai koma ya duba shi ba har aka same shi yana sharar barci. Mai barcin an kai shi gadirun, wato ɗakin tsare masu laifi na bariki, amma igiyar sajan ce ta tafi.

A tsarin da muka gada daga Ingila, sojoji kamar goma ke yin sashe, kofur ke riƙe su. Sashe uku, mutum talatin ko sama da haka kaɗan, shi ne filatun, laftana ke shugabanta, Saja ne mataimakinsa. Ga takarda ke nan. A ƙasa kuwa, laftanan nan yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya san taswira, ya san dabarun yaƙi na littafi, amma bai san wane ne a cikin mutanensa matarsa ke asibiti ba, bai san wanda bashi ya sha wa kai ba, bai san wanda in an matsa masa zai karye da wanda sai an matsa masa yake motsi ba. Saja ya sani. Shi ke kiran suna da asuba. Shi ke leƙa bakin bindiga ya ga ko an goge. Shi ke raba harsashi da ruwa da abinci, shi ke tsara wa zai yi gadi ƙarfe biyun dare. In ana ba-ta-kashi, laftana na gaba yana ba da oda, Saja na baya yana tura harsashi gaba yana janye waɗanda aka ji wa rauni, kuma in laftana ya faɗi, a take filatun ta koma hannunsa ba tare da an jira takarda ba.

Na taɓa samun sabon laftana a wani wuri da ba sai na ambata ba, cikin bazara, ana wannan zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Aka ba mu tattaki mai nisa da kaya a baya. Ya ce za mu tashi ƙarfe tara na safe bayan ya gama duba kayan kowa. Na bi shi gefe na ce, "Sa, in ka yarda a duba kaya yau da yamma, mu tashi ƙarfe huɗun asuba." Ya dube ni ya ce tara ya faɗa. Na ƙame na ce "Yes sa", na koma na gaya wa mutane tara, da muryar da ba wanda zai zaci ina da wani ra'ayi daban. Abin da na yi kawai, na sa kowa ya cika gora biyu, na zuba foda da bandeji a jakata. Kafin azahar gorunan sun ƙafe, mutum uku sun zube, shi kansa laftanan leɓensa ya tsattsage. Muka yada zango a gindin wata tsamiya. Na sa kowa ya cire but da safa, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina duba tafin ƙafa, ina fasa bororo ina ɗaurewa. Da na zo kansa na tsuguna kamar yadda na yi wa kowa. Ya yi ɗan jim, sannan ya miƙo ƙafar. Ban ce masa "ai na gaya maka" ba, ranar ko bayanta. Tun daga ran nan, in za a yi wani abu sai ya kira ni bayan mota, inda ba mai ji, ya ce, "Saja, me ka gani?" In faɗa masa, ya yanke abin da ya yanke, ya fito gaban mutane ya ba da oda da bakinsa. Ya kai kanar kafin ya bar aiki, kuma har yanzu in ya bugo waya ranar Sallah "Sajana" yake ce mini, alhali na daɗe da wuce muƙamin.

Sajan da ya kunyata hafsansa a gaban sojoji, a ganina, ya fi wanda bai iya fareti ba lalacewa. Haka wanda ya ga rami ya yi shiru don a faɗa ya yi dariya.

Samanja kuma, bakin Bahaushe ne ya dunƙule kalmomi biyu, saja da manjo, wato babban saja. Amma yau ba igiya yake ɗaurawa ba, warant ofisa ne. Sannan samanja kujera ce ake ba mutum, ba hawa ba ne a tsani. Kowane kamfani, wato filatun uku ko huɗu, yana da samanjansa. Bataliya kuma tana da guda ɗaya tak, wanda ake kira RSM, na hannun daman kwamanda a kan duk abin da ya shafi ladabi da tsabta da fareti. Za ki gane shi da sandar da ke maƙale a hammatarsa da muryar da ake ji daga ƙarshen bariki. Filin fareti nasa ne, wanda ya kuskura ya ratsa ta ciki don yanke hanya zai gane kurensa. Ƙananan hafsoshi sun girme shi a muƙami, yana sara musu yana ce musu "Sa", amma akwai yadda RSM zai ce wa laftana "Sa" har laftanan ya duba maɓallan rigarsa. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi ma tsohon soja ne, ya ƙara wa sunan farin jini da wasan kwaikwayonsa na rediyo da talabijin a Kaduna, har mutane da yawa ba su san sunansa na yanka ba sai Samanja.

Kada ki haɗa samanja da manjo. Manjo hafsa ne, yana sama da kyaftin. Amma tushensu ɗaya, kuma wannan ne ke warware wata tambaya da aka sha yi mini. Manjo ya fi laftana nesa ba kusa ba, to me ya sa Laftanar Janar ya fi Manjo Janar? Saboda a Ingila ta ƙarni na 17 cikakken sunan muƙamin shi ne "saja manjo janar". Daga baya aka sauke "saja" don gajartawa. Ki mayar da shi wurinsa sai lissafin ya fito: janar, sai laftanansa, sai samanjansa. Ashe ko a can ƙololuwa akwai saja a ɓoye.

Akwai dalilin da ya sa Saja da Samanja suka shiga jinin Hausa fiye da sauran muƙamai, har ake laƙaba su ga mutane a unguwa. Tun 1863 wani hafsan Ingila, John Glover, ya tara 'yan tsirarun Hausawa a Ikko ya ba su bindiga, kuma daga wannan ƙungiya sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa. Shekaru da yawa Hausa ce harshen bariki, hafsoshin Turawa sai sun koye ta. Amma baƙar fata ba ya sa anini. Iyakar inda zai kai shi ne samanja. Saboda haka duk hazaƙar da a yau za ta kai mutum janar, a lokacin a igiya take tsayawa. Dubi Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara aikin soja wajen Jamusawa a Kamaru, ya dawo rundunar Ingilishi a 1917, ya zama RSM, ya yi yaƙin duniya na biyu a gabashin Afirka da Bama, ya sami lambobin yabo. Da zai yi ritaya a 1953 sai aka ba shi kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lokoja sunansa yake ɗauke da shi. Sai ƙarshen shekarun 1940 aka fara buɗe wa 'yan ƙasa ƙofar hafsa, kuma na farkon daga cikin masu igiya aka tsamo su. Aguiyi-Ironsi farabiti ya shiga a 1942, ya yi samanjan kamfani, ya sa anini a 1949, ya zama shugaban ƙasa a Janairun 1966. In kakanki ya yi aiki a wancan zamani ko kusa da shi, to igiya ukunsa ba ƙaramin abu ba ce. A ƙauyuka da yawa tsohon saja ne mutum na farko da ya taɓa hawa jirgin ruwa ya ga wata ƙasa.

Tunda oda ta hannun Saja take bi kafin ta isa ga mai riƙe da bindiga, in ya ƙi miƙa ta, ta mutu a nan. An ga haka a ƙarshen Yulin 1966. Bayan sojojin da suka yi juyin mulki sun kama Ironsi a Ibadan, Birgediya Babafemi Ogundipe ne mafi girman hafsan sojan ƙasa da ya rage a Ikko. Labarin da masu tarihi ke kawowa shi ne ya ba wani saja oda, sajan ya nuna masa ba zai yi ba sai kyaftin ɗinsa ya zo. Birgediya guda, igiya uku ta tsayar da shi. Ogundipe ya fahimci rundunar ba ta hannunsa, ya bar ƙasar, mulki ya faɗa hannun Laftanar Kanar Yakubu Gowon. A Laberiya kuma Samuel Doe, mai muƙamin babban saja, ya shiga fadar shugaban ƙasa da 'yan ƙalilan ɗin sojoji ranar 12 ga Afrilu 1980, aka kashe shugaba William Tolbert, Doe ya yi mulki shekara goma. A Togo, Eyadema saja ne lokacin da aka kashe shugaba Sylvanus Olympio a Janairun 1963, ya karɓi mulki a 1967, bai sauka ba sai da mutuwa ta sauke shi a 2005. Ba don alfahari na kawo waɗannan ba. Ni a wurina ranar da saja ya zaɓi odar da zai bi, ranar ya tashi daga saja ya koma wani abu daban, kuma ƙasashen da suka ɗanɗana sun ji a jikinsu.

Mu koma wajen yayanki. Lokacin da Robert Peel ya kafa 'yan sandan Landan a 1829, mutanen Ingila na tsoron kada a kawo musu soja a sabon kaya. Don haka da gangan aka kauce wa sunayen muƙaman soja: aka ce kwanstabul, sufeto, sufuritanda. Suna ɗaya kaɗai aka aro daga bariki, shi ne Saja, don ana bukatar wanda zai fitar da 'yan sintiri cikin dare ya kuma bi sawu ya ga kowa na inda aka ajiye shi. Namu 'yan sandan kuwa tarihinsu ya sha bamban. Daga dakarun Turawa masu bindiga suka tsiro, tushe ɗaya da soja, kafin a haɗe na Arewa da na Kudu a 1930. Shi ya sa suke da kofur, wanda 'yan sandan Ingila ba su da shi, suke da bariki, suke fareti. 'Yan dokan En'e da iyayenmu suka sani a Arewa, su ma an narkar da su cikin wannan runduna a zamanin Gowon.

Tsanin nasu ga shi: kwanstabul, kofur mai igiya biyu, saja mai uku, sai sufeto, sai ASP, wato mataimakin sufuritanda, inda ake fara sa anini, a yi ta hawa har kwamishina, har Sufeto Janar. A nan ma a kula, tsakanin sufeto da Sufeto Janar akwai tafiyar da ta fi ta Kano zuwa Ikko. Bambancin farko da soja shi ne nasu tsanin a haɗe yake. Saja ya zama sufeto, sufeto ya zama ASP, duk da akwai masu shigowa daga sama ta makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda ta Wudil. A soja kuwa, komai daɗewar saja ba zai wayi gari laftana ba. Sai an buɗe ƙofa ta musamman, ya nema, an tantance shi, ya koma makaranta.

Bambanci na biyu ya fi nauyi. Ikon sajan soja a kan sojoji yake. Ba shi da hurumin tsare ki a hanya ya tambaye ki takardun mota, sai in an fito da rundunarsa aikin taimaka wa hukumar farar hula. Sajan 'yan sanda kuwa da jama'a yake aiki, kuma ikon kama mai laifi ba igiya ce ta ba shi ba. Doka ta ba kowane ɗan sanda, kwanstabul ma yana da shi. Abin da igiya ta ƙara masa shi ne amana: a ba shi kanta, a ba shi fayil, a ba shi 'yan sintiri.

Na taɓa kwana a caji ofis ina jiran ƙanina ya tashi aiki, lokacin yana saja. Wajen ƙarfe biyun dare aka shigo da wani saurayi, ana zarginsa da ɗauke babur. Waɗanda suka kawo shi sai hayaniya suke, kowa na son a ji tasa. Ƙanina bai ɗaga murya ba. Ya jawo wani ƙaton littafi mai baƙin bango, ya dubi agogo, ya rubuta lokaci. Ya rubuta sunan wanda ya kawo, da sunan wanda aka kawo, da abin da ake zargi. Ya sa yaron ya zazzage aljihu: waya, makulli, 'yan canji, ya ƙirga a gabansa ya rubuta, ya karɓi bel ɗinsa, ya sa shi ya sa hannu. Ni da na saba da ihu sai na ga kamar ɓata lokaci ne. Da gari ya waye ya ce mini, "Yaya, ku bindiga ce makaminku, ni biro ne." Daga baya na gane gaskiyarsa. Tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Daga lokacin da aka kama shi ake fara ƙirgawa, kuma rubutun sajan kanta ne shaida. In ya rubuta ƙarya ko ya ƙi rubutawa, mutum na iya ɓacewa a bayan kanta ba wanda ya san ranar da ya shiga. Sajoji da yawa su ne masu binciken ƙara, su ke ɗaukar jawabi, su ke tsayawa gaban majistare su ba da shaida, lauya na yi musu tambayar ƙure.

Abin da ke ba ni takaici, sau da yawa za ka ga ɗan sanda da igiya uku amma babu ko mutum ɗaya a ƙarƙashinsa. An tura shi odalan wani babba, yana buɗe ƙofar mota yana riƙe jaka. A soja da wuya a raba saja da mutane, don igiya ba ta da ma'ana in ba wanda kake amsa tambaya a kansa. In da za a tambaye ni inda gyaran aikin ɗan sanda zai fara, zan ce a mayar da Saja kan aikinsa na duba na ƙasa da shi, a kuma kama shi in sun yi ba daidai ba, kamar yadda aka kwance wa wancan igiya saboda barcin mai gadi.

Wa ya fi wani ke nan? Babu. Sunan ɗaya, igiyar ɗaya, amma gida biyu ne, kowa da dokarsa da ubangidansa. Sajan soja ba ya ba kwanstabul oda don yana da igiya, sajan 'yan sanda ba ya ba farabiti. In an haɗa su aiki guda, takardar aikin ce ke faɗin wanda ke shugabanta. Yawancin rigimar da kike ji tsakanin soja da 'yan sanda a bakin titi daga nan take tashi, wani ya ɗauka kakinsa ya fi na wani. Sojan sama ma suna da saja, da wani hawa a samansa daidai da staf saja. Sojan ruwa ne kaɗai ba sa amfani da sunan, nasu sunayen na jirgi ne.

In kika tsallaka Nijar sai ki yi hattara, don can tsarin Faransa ake bi, kuma sunaye na yaudara. Kofur shi ne kafaran, saja sarjan, a samansa akwai babban sarjan, sai lajidan wanda ya yi daidai da warant ofisanmu. Seyni Kountché sarjan ne a rundunar Faransa kafin ya zama hafsa, yana laftanar kanar ya karɓi mulki a Afrilun 1974. Wanda muke ce wa manjo su kumandan suke cewa, muƙamin Daouda Malam Wanké ke nan a 1999. Kalmar manjo a wajensu kuwa ta babban na ƙasa da hafsa ce, kusan samanjanmu. Wadda ta fi rikita mutanenmu ita ce birgadiye. A Najeriya birgediya janar ne, a 'yan sandan Nijar kuwa ƙaramin muƙami ne na sahun su kofur da saja. Kada a ce miki surukin wane birgadiye ne a Maraɗi ki zaci da jiniya zai zo ɗaurin aure. Jandarma ma nasu sajan wani suna daban yake da shi, wanda suka gada daga sojan doki. Amurka kuma ta yi wa saja hawa-hawa da yawa, igiyarsu ma tsininta sama yake kallo, tamu ƙasa. In kin gani a talabijin kada ki ce sun ɗinka ta a juye.

Wajen kira, farar hula ya ce "Saja" ya wadatar, ba raini a ciki, sunan girma ne da mutum ya yi gumi ya samu. Abin da ba a yi shi ne a rage wa mutum igiya da baki. Ki ce wa saja kofur, ya ji zafi fiye da zagi. Ƙari kuwa ba mai ƙi, direbobin tasha sun daɗe da gano haka, shi ya sa kowane kwanstabul a bakin shinge "Saja" ne ko "Ofisa". A cikin bariki na ƙasa da shi zai ce "Saja", ba "Sa" ba. Wasu sajojin in sabon kurtu ya ce musu "Sa" har tsawa suke yi, su nuna masa hannun riga su ce ya ƙirga.

Unguwa ma takan yi wa mutum ƙarin girma. Da yawa daga cikin tsofaffin da ake kira Saja, kofur suka bar aiki, wasu ma las kofur, amma da suka dawo gida da tsayuwarsu cak da muryarsu da son a yi komai kan lokaci, sai jama'a suka ɗaura musu ta ukun. Wasu kuma sun wuce sajan, sunan ne ya manne. In kina son sanin na kakanki, ki tambayi iyayenki ko littafinsa na sallama daga aiki yana nan. Ɗan ƙarami ne, tsofaffin sojoji kan naɗe shi a leda su sa a ƙasan akwatin ƙarfe tare da lambobinsu da takardun fansho. A ciki za ki ga lambarsa ta soja, da rundunar da ya yi wa aiki, da ranar shiga da ta fita, da muƙamin da ya sauka da shi, da layi ɗaya inda kwamandansa ya rubuta yadda halinsa yake. In kin same shi ki kai wa yayanki ya karanta.